Hoton yara a tsakar gida: Abin da iyalan Wagini ke ɗauka da abin da ke salwanta tare da waya

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tsayar da yaro ɗan shekara uku a gaban kyamara ya san yadda abin yake ƙarewa. An yi masa wanka, an shafe shi da mai har goshi na ƙyalli, an sa masa kayan Sallah, an ɗora masa hular da ta fi ƙarfin kansa. Sai a jingina shi da bango, a ce ya tsaya kyam, ya kalli nan, kada ya motsa.

Kafin a danna, ko dai ya ɓarke da kuka, ko ya ruga bayan uwarsa, ko ya sandare yana zare ido kamar wanda aka kama da hannu a tukunyar miya. Kayan sun fito sosai a hoton, yaron ne dai bai fito ba.

Minti goma bayan haka an cire hular, ga shi can yana bin ɗan akuya a tsakar gida yana ƙyalƙyala dariya, amma an riga an mayar da waya aljihu.

A Wagini, garin da ke Ƙaramar Hukumar Batsari a yammacin Jihar Katsina, daura da Dajin Rugu, wannan hoto na biyu da ba a cika ɗauka ba yana da nauyin da ya wuce na kwalliya. Mutanen yankin, daga Ruma har zuwa Runka da Zakka ta ɓangaren Safana, sun shafe shekaru suna kwana da fargabar 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Ƙaramar Hukumar Batsari, akwai yara ƙanana a cikinsu, an kuma cinna wa gidaje wuta. Ƙauyuka da dama sun watse, iyalai sun koma Batsari da Dutsin-ma da birnin Katsina.

Akwai yaran da suka yi wayo a ɗakin haya ko a gidan dangi, ba za su iya kwatanta gidan da aka yanke musu cibi ba. Akwai kuma iyayen da suka binne ɗa, ba su da ko hoto ɗaya da za su nuna wa ƙannensa.

Sana'ar da ta bar situdiyo ta shiga gida

A Amurka da Ingila akwai masu hoton da abincinsu ke nan: a kira su gida, su yi awa ɗaya ko biyu tare da iyali, babu manyan fitilu, babu labulen bango, babu umarni. Uwa tana yi wa jariri wanka, uba yana wasa da babban, ƙaramar tana watsa kayan wasa a ƙasa, mai hoto yana gefe yana jiran lokacinsa. Wasu yini guda suke yi, daga tashin yara har kwanciyarsu.

Hujjarsu mai sauƙi ce. Ƙaramin yaro ba ya sakin jiki a baƙon wuri, kuma ba ya karɓar umarni na fiye da 'yan daƙiƙoƙi. A gidansu ne yake zama shi kansa. Salon ya ƙara karɓuwa a 2020, lokacin da kullen korona ya rufe situdiyo. A watan Maris na shekarar, wasu mata biyu a garin Needham na Jihar Massachusetts suka fara bin gidaje ana ɗaukar iyalai a bakin ƙofofinsu daga nesa, nan da nan aka kwaikwaye su a garuruwa da yawa.

Da wuya magidanci a Wagini ya biya baƙo ya yini a gidansa yana kallon iyalinsa. Amma shi aikin ana yin sa, sai dai ba shi da suna kuma ba a biyan kowa. Yana hannun budurwar gida mai riƙe da Tecno ko Itel, da ɗalibin da ya dawo hutu daga Katsina, da matar da mijinta ya tafi ci-rani Legas ko Abuja ya dame ta da saƙon a turo masa yara ya gani. Ga ɗan ci-rani da ya bar jariri yana rarrafe, hoton ranar da ya fara tatata shi ne rabonsa na wannan rana.

Inda tsayuwa kyam ta samo asali

Waɗanda suka haura shekara talatin a karkarar Katsina sun san mai hoto na da. Yana zuwa a kan keke ko babur da kyamara a wuya, ranar kasuwa, ranar Sallah, ranar suna ko saukar karatu. Fim ɗinsa hoto 24 ko 36 yake ɗauka, don haka kowace dannawa kuɗi ce. Sai fim ya cika sannan a kai birni a wanke, a yi mako biyu ko uku ana jira, wani lokaci kuma ya dawo da labarin cewa hoton ya ƙone.

Wanda ya san dama ɗaya gare shi ba zai bar yaro ya yi tsalle ba. Daga nan tsawa ta shigo, da riƙe kafaɗa, da fuskar da babu walwala. Hoto kuma shaida ne na wadata: a ari agogo, a riƙe rediyo, a tsaya kusa da babur ɗin maƙwabci.

Ba a ƙasar Hausa kawai aka yi haka ba. Seydou Keïta, mai hoton Bamako da ya buɗe wurin aikinsa a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da tabarau don masu zuwa su ara su fito fes, kuma yawanci dannawa ɗaya yake yi wa kowane mutum. Abin lura a aikinsa shi ne a tsakar gida yake yin sa, da hasken rana, kuma zanen gadonsa ne labulen bangonsa na farko. Ya rasu a 2001, hotunan nan kuwa yanzu suna manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Kenan tsakar gida da hasken Allah ba ƙananan kayan aiki ba ne.

A shekarar da ya rasu ne wayar salula ta shigo Najeriya. Ba a daɗe ba kyamara ta koma cikin waya, fim ya mutu, har kamfanin Kodak ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi a 2012. Dannawa ta zama kyauta, amma ɗabi'ar ba ta canja ba. Har yau ana jera yara a bango kamar fim ne zai ƙare.

Ga yara da yawa a ƙauye ma, hotonsu na farko a takarda shi ne fasfo na shiga makaranta ko na rajistar lambar ɗan ƙasa ta NIN. Kai ne da kafaɗa a gaban farin ƙyalle. Babu uwa a ciki, babu ɗaki, babu rumbu.

Kunya, zaure da rabon kwana

Wanda ya ɗauko salon Turawa ɗungurungum ya kawo shi Wagini zai ci karo da bango tun daga zaure. Gidan aure ba a shiga. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure, sai dai a fito masa da yara, su kuma da sun ga baƙo sun nutsu, wasan ya ƙare. Saboda haka hoton cikin gida aikin mata ne da 'yan gida, ko an so ko ba a so ba. A birane irin Kano da Kaduna tuni mata suka shiga sana'ar hoto, musamman a wuraren biki da suna inda namiji ba ya kaiwa. A ƙauye kuwa yarinyar da ta iya riƙe waya da kyau ita ce mai hoton unguwa, ko da ba wanda ya kira ta haka.

Sai batun kunya, wanda ya fi zaure wuyar tsallakewa. Hoton da Bature ya fi so, uwa ta rungume ɗanta suna dariya, miji ya dafa kafaɗarta, shi ne ainihin abin da tarbiyyar karkara ta hana a yi a gaban mutane. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon surukai, wata ma ko kuka yake yi sai ta kau da kai har wani ya miƙo mata shi. Idan aka ce ta rungume shi ta kalli waya, za ta rufe fuska da mayafi ne, kuma tana da gaskiya.

Wannan ba ya nufin babu ƙauna a gidan da za a ɗauka. Tana nan, wurin zamanta ne daban. Tana wurin kaka da jikan da take kira mijinta, tana tsokanarsa cewa bai kawo cefane ba. Tana bayan yayar da ba ta wuce shekara bakwai ba amma ta ɗaure ƙaninta da majanyi tana jijjiga shi. Tana hannun goggo mai yi wa yarinya kitso, da kawun da ya zauna yana haɗa motar kara. Ita ma uwar, idan aka ƙyale ta da aikinta, za a same ta tana tankaɗe da goyo a baya, ɗan ƙaramin hannu ya leƙo ta gefen zane. Wannan hoto ba ya buƙatar ta kalli kowa.

Gidan da ke da mata biyu ko uku kuma yana da nasa lissafin. Wanda ya ɗauki 'ya'yan ɗaki ɗaya hoto goma ya ɗauki na ɗayan biyu ya tayar da ƙurar da za ta fi hoton daɗewa. Hoto ma rabon kwana gare shi.

Akwai gidajen da ba sa son a ɗauki jariri kafin suna, wasu sai an gama wankan jego na kwana arba'in, saboda tsoron baki. Akwai kuma waɗanda dalilinsu na addini ne, domin malamai sun saɓa a kan hoton kyamara. Sheikh Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya yana cikin waɗanda suka taƙaita shi ga lalura kamar fasfo da katin shaida, shi kuwa Sheikh Yusuf al-Ƙaradawi, a littafinsa Al-Halal wal-Haram na 1960, ya tafi a kan halascinsa muddin abin da aka ɗauka ba haramun ba ne. Ko a cikin masu halattawa da yawa ba sa son a rataye shi a bango. Shi ya sa a gidaje da dama hoto a cikin akwati yake kwana, kuma maigida ko uwargidan da suka ce a'a, an gama magana.

Haske da haƙuri

Abin da ya fi ɓata hoton cikin gida a ƙauye duhu ne. Ɗakin ƙasa taga ɗaya gare shi, ƙarama, ita kuma ƙwayar da ke karɓar haske a kyamarar waya ba ta kai farce ba. Idan haske ya yi kaɗan, wayar tana jinkirta ɗauka don ta tara shi, yaro kuma ba ya jira, sai hoton ya fito dishi-dishi. Kunna fulash yana ƙara dagula abin: goshin da aka shafa wa mai ya yi fari fat, ido ya yi ja, jariri ya firgita.

Maganin bai wuce taku uku ba. A zaunar da yaro a bakin ƙofar ɗaki daga ciki, fuskarsa tana kallon waje, mai ɗauka ya tsaya a tsakar gida. Hasken da ke shigowa ta ƙofa mai laushi ne, duhun ɗakin kuma ya zama labule na kyauta. Idan aka juya, yaro ya ba ƙofa baya, inuwarsa kawai za a samu.

A waje kuma, rana tsaka ba lokacin hoto ba ce: ido yana ƙanƙancewa, inuwa ta zauna a ƙarƙashin gira. Hantsi da bayan la'asar sun fi. Inuwar bedi, wadda Kanawa ke kira darbejiya, tana da kyau idan ta yi kauri, amma idan rana tana ratsa ganye za ta yi wa fuska dabbare-dabbare. Hunturu, duk da tsagewar leɓe da furu-furun ƙafa, yana da kyautarsa, domin hazo yana tace rana ya bar haske mai taushi kusan duk yini. Sai dai ƙurar da ke yin wannan aiki ita ce ke kwanciya a kan idon kyamara. Hotuna da yawa da ake ɗora wa laifin ƙaramar waya, gefen riga kawai suke buƙata a goge gilashin.

Su kansu wayoyin da suka cika kasuwannin Arewa ba su da laifi sosai a wannan fanni. Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da Itel da Infinix, ya yi suna ne a Afirka har da dalilin daidaita kyamararsa don ta fito da baƙar fata yadda take.

Sauran aikin haƙuri ne. A durƙusa daidai tsayin yaro, don wanda aka ɗauka daga sama kai ne kawai da ƙananan ƙafafu. A matsa kusa da ƙafa maimakon jawo hoto da yatsa, wanda ke rage masa kyau. A bar shi da abin da yake yi, ko tuwon ƙasa ne, ko gara taya, ko wanke allo, ko kokawa da ƙullin fura. Minti biyar na farko zai yi ta leƙen waya yana cewa a nuna masa. Idan ya gaji da ita ya koma wasansa, lokacin ne aiki ya fara. Yaron da ke jin yunwa ko barci kuwa, a haƙura sai gobe.

Kuma kada a share gidan daga cikin hoton. Mutane suna kawar da turmi, su janye kwanukan wanke-wanke, su nemi bangon da aka yi wa siminti. Bayan shekara ashirin, turmin nan da randa da dangar kara da ƙofar rumbu su ne abin da mai hoton zai tsura wa ido.

Watannin da waya ta yi shiru

Matsalar hoton waya ita ce yana da yawa amma ba shi da gida. A watan Satumban 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, don toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. An kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa, a wuraren da galibi shagon mai caji shi ne wutar lantarkin gari. Sai a watan Disamba aka fara dawo da sabis.

A waɗannan watanni ɗan ci-rani bai ga 'ya'yansa ba, wanda ke gida kuma yana riƙe da hotuna a cikin wayar da ba ta kunnuwa. Wannan ya wuce, amma sauran hanyoyin asara suna nan. Waya tana cikin abin da mahara ke fara karɓa. Ita ce kuma ake fara sayarwa idan ana haɗa kuɗin fansa, ko kuɗin taki, ko na asibiti. Tana faɗawa rijiya, fuskarta tana fashewa, mai gyara yana yi mata wankin ciki ya share komai. Memori na jabu, wanda ke nuna ya fi ainihin girmansa, yana cinye hotuna ba sallama. Idan wuri ya cika kuma, hoton bara ake gogewa don a saka sabon fim.

Akwai ma'ajiyar intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da GB 15 kyauta da zai iya zuba hotuna ta Google Photos. Amma wannan yana son data da sabis mai ƙarfi, yana kuma son mutum ya san kalmar sirrinsa. A ƙauye sau da yawa mai shagon waya ne ya buɗe adireshin ranar da aka saye ta, kuma daga shi har mai wayar babu wanda ya rubuta kalmar.

Amfanin hoton yaro na kwanan nan ya wuce tuna baya. Ranar da aka watse cikin dare, kowa ya yi ta kansa, abu na farko da ake tambayar mai cigiya shi ne ko yana da hoto. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana da rajistar mutum sama da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, akasari a rikicin Arewa maso Gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da aka rabu da su. Fuskar yaro tana canjawa cikin 'yan watanni. Hoton ranar suna ba zai taimaka wajen neman ɗan shekara huɗu ba.

Wa ke kallon sitatus?

A nan ne salon Turawa da halin Wagini suka raba hanya gaba ɗaya. Can, ana ɗaukar hoton gida ne a baza shi a Instagram da Facebook. Nan kuwa duk abin da ya sa hoton ya yi kyau shi ne ya sa shi zama haɗari.

Hoton yaro a tsakar gida yana nuna shanun huɗa a turke, da buhunan da aka jibge bayan girbi, da sabon babur, da faifan sola a kan kwano. Yana nuna inda ƙofa take da tsayin katanga. Yana nuna ɗan wane ne, da kamanninsa. Hukumomin tsaro da gwamnatin jihar sun sha nanata cewa masu kai wa 'yan bindiga bayanai, waɗanda ake kira infoma, a cikin jama'a suke zaune. Sitatus na WhatsApp kuma duk wanda kuka ajiye lambar juna yana gani, sai in mutum ya shiga ya zaɓi waɗanda za su gani. Daga nan ɗaukar hoton fuskar waya daƙiƙa ɗaya ce.

Akwai wani abin da ba a gani da ido. Idan an kunna alamar wuri a kyamara, waya tana liƙa wa kowane hoto bayanin daidai inda aka ɗauke shi. WhatsApp yana cire wannan bayani idan an tura hoto ta hanyar da aka saba, amma yana matse hoton ya rage masa kyau. Idan aka tura shi a matsayin fayil, kyansa yana nan, bayanin wurin ma yana nan. Mai son tura hoto mai kyau ga ɗan'uwa ko wurin wanki sai ya fara kashe alamar wuri a saitin kyamara.

Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo kamfani ko hukuma za su sarrafa bayanan yaro. Faransa ta ƙara gaba a watan Fabrairun 2024, da dokar da ta ɗora wa iyaye da kansu alhakin kare hoton 'ya'yansu. Babu dokar da za ta bi ƙanwar miji cikin ɗaki ta hana ta ɗora jaririn gida a TikTok. Wannan magana ce ta cikin gida, kuma gara a yi ta kafin a ɗauki hoton. Hoton yaro tsirara a baho, wanda iyaye ke gani abin dariya, bai kamata ya bar wayar da ta ɗauke shi ba.

Takarda ta fi waya rai

Bayan igiyar ruwan tsunami da ta afka wa Japan ranar 11 ga Maris, 2011, masu aikin ceto sun riƙa tsamo albam-albam na iyalai daga cikin laka suna ajiyewa gefe. A garin Yamamoto kaɗai, 'yan sa-kai sun wanke hotuna kusan 750,000 ɗaya bayan ɗaya, suka jera su don masu su su zo su gane. Mutanen da suka rasa gida da dangi sun riƙa zuwa neman takarda mai faɗin tafin hannu.

Takarda tana ƙonewa, gara tana ci, damina tana lalata ta. Amma ba ta buƙatar caji, ba ta da kalmar sirri, kuma ba wanda zai tare mutum a hanya ya ƙwace ta don ya sayar. Ana iya wanke hoto ɗaya sau uku, ɗaya a gida, ɗaya wurin 'yar'uwa da ke aure a Katsina, ɗaya a jakar ɗan ci-rani.

Ba duka za a wanke ba. Daga ɗaruruwan da ke cikin waya, biyar ko goma a shekara sun isa: kowane yaro shi kaɗai fuskarsa a bayyane, sannan yara tare da kakanni, sannan ɗaya da aka ja baya aka ɗauki gidan gaba ɗaya. Wankin injin hoto na ainihi, irin na manyan shagunan birni, ya fi na ƙaramar firinta ta tawada jure shekaru, domin na tawada yana koɗewa kuma ɗigon ruwa yana ɓata shi. Mai shiga Katsina sayayya ko asibiti yana iya tafiya da na gida biyu ko uku a memori ɗaya, ya kuma tsaya a goge su daga kwamfutar shagon kafin ya fito.

Tun bayan sulhun da al'ummomi suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025 a Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, wanda har yanzu ake muhawara a kan ɗorewarsa, wasu iyalai sun fara komawa gonaki da kufansu. Ginin ƙasa da ya yi damina uku ko huɗu ba kowa ba ya jiran mai shi. Abin da za a gina sabo ne, yaran da za su yi wasa a ciki ma da yawansu sababbi ne.

Mata da yawa a yankin suna da ledar da ba ta nisa da hannu, wadda ke ɗauke da katin rigakafin yara da takardar NIN da katin zaɓe, saboda ita ake fara sura idan an ji harbi. Hoto mai inci huɗu da shida yana shiga cikinta ba tare da an naɗe shi ba. A bayansa a rubuta sunan yaro da na mahaifinsa, da unguwa, da shekara, da boko ko da ajami. A yi da fensir, don tawadar biro tana ratsa takarda ta fito a fuska.